Yadda ake fakin mota a unguwar gefen gari ba tare da tara ko rikici da maƙwabta ba

Sau shida na yi ƙaura da mota, kuma kusan kowane karo unguwar gefen gari nake komawa, inda gidaje ke da sarari, layuka kuma shiru. A nan ne sabon zuwa yake ruɗuwa. Ya ga fili ko'ina, babu ma'aikaci tsaye, sai ya ɗauka duk inda taya ta tsaya wurin fakin ne. A tsakiyar gari allo ne ke gaya maka komai. A gefen gari kuwa rabin dokar ba a rubuce take a bakin titi ba: wata tana cikin littafin hukuma, wata tana cikin yarjejeniyar haya, wata kuma tana cikin zukatan mutanen da suka riga ka zama a layin. Titin ƙofar gidanka ba naka ba ne, aro ne da kuke amfani da shi ku da yawa. In ka riƙe wannan, sauran aikin na mako ɗaya ne.

Kayan da za ka tanada

Tef ɗin awo mai tsawon mita 5 ko fiye. In babu, yi amfani da takunka, amma ka san girmansa: takun babban mutum a tafiyar yau da kullum santimita 70 zuwa 80 ne, don haka mita 10 taku 13 ne ko 14, ba 10 ba.

Waya mai kyamara, da ƙaramin littafi da biro da za su zauna a cikin mota.

Takardu: yarjejeniyar haya ko takardar mallakar gida, takardun mota, inshora, da wata takarda mai ɗauke da sunanka da sabon adireshinka, kamar ta kuɗin wuta ko ruwa.

Tocila, don duba allo da dare. Guntun katako mai ƙwari na tare taya, idan layinku gangare ne. Sai alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, saboda ranar da mota za ta mutu maka a inda bai dace ba.

Ka kuma auna motarka sau ɗaya ka rubuta. Yawancin ƙananan motoci tsawonsu tsakanin mita 4 ne da 5, faɗinsu kusan mita 1.8, ban da madubai.

1. Gano wa ke da titin

Kafin komai, ka san wanda ke da iko da kwaltar da za ka ɗora motarka a kai. Titi ko dai na hukuma ne, ko na kamfani ko ƙungiyar da ke kula da rukunin gidaje, ko kuma harabar mai gidan haya ce. Kowanne da dokarsa da mai hukunci a kansa. A titin hukuma, ƙaramar hukuma ko 'yan sanda ke rubuta tara. A rukunin gidaje masu ƙofa, takardar da ka sa wa hannu ita ce doka, kuma sau da yawa ta fi ta hukuma tsanani: mota nawa aka yarda wa gida ɗaya, ko an yarda da motar kasuwanci, ko baƙo zai iya kwana da mota.

Buɗe yarjejeniyar hayarka ka nemi inda aka ambaci wurin mota. Idan mai gida ya ce maka da baki "ai wancan wurin naka ne", roƙe shi ya rubuta, ko da a saƙon waya ne. Na ga iyalai biyu da aka yi wa alkawarin wuri guda, kowa da gaskiyarsa, babu mai takarda.

2. Zaga unguwar da ƙafa, sau uku

Da ƙafa na ce, ba a mota ba. Mai tuƙi ba ya ganin ƙaramin allon da reshen bishiya ya rufe. Fita sau ɗaya da safe lokacin da yara ke tafiya makaranta, sau ɗaya da daddare bayan kowa ya dawo, sau ɗaya kuma a ranar hutu. Layin da ka gani fayau da rana tsaka yana iya cika maƙil da ƙarfe tara na dare.

Abin da kake nema: wane ɓangare mutane ke jera motocinsu, ina ne kowa ke kauce wa, ina motar shara ke juyawa, ina ruwa ke kwanciya. Wurin da yake da kyau da inuwa amma kullum babu kowa, kada ka yi murna da shi. Akwai dalili. Ko dai ƙofar wani ce da ba ta yi kama da ƙofa ba, ko bishiyar tana zubar da ƙaro da kashin tsuntsaye, ko kuma an sha rubuta wa mutane tara a wurin. Matambayi ba ya ɓata. Tsayar da wanda ka gani yana wanke motarsa ka tambaye shi.

3. Karanta allo tun daga sama har ƙasa

Ƙasashe da yawa suna bin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan alamomin hanya, wadda aka yi a birnin Biyena a 1968. A tsarinta, da'ira shuɗiya mai jan baki da jan layi ɗaya a karkace tana nufin ba a fakin, amma kana iya tsayawa ka sauke mutum. Idan jajayen layukan biyu ne sun gitta juna, ko tsayawa ba a yi. Akwai kuma mai farin sanda a ciki: sanda ɗaya na hana fakin a ranakun wata na mara, kamar 1 da 3 da 5, sanda biyu kuma a ranakun cika. A Amurka da wasu wurare harafin P ne da jan layi a kansa, ko rubutu zalla. A Birtaniya fenti ne a bakin titi: layi biyu rawaya ba a jira a kansa kowane lokaci, layi ɗaya kuma sai ka duba ƙaramin allon da ke nuna sa'o'insa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya karanta babban allo ya bar ƙaramin da ke ƙarƙashinsa, alhali a nan ranaku da sa'o'i da kibiya suke. Kibiyar ce ke nuna ko haramcin ya fara daga allon ne ko a nan ya ƙare. Na biyunsa shi ne allon da ake kafawa a mashigar unguwa kaɗai, wanda ke aiki a kan dukkan layukan ciki. Ka wuce shi sau ɗaya ba ka kula ba, kuma ba za a maimaita maka shi a ƙofar gida ba. Ɗauki hoton kowane allo da ke tsakanin babban titi da gidanka.

4. Koyi dokokin da ba su da allo

Nan ne aikin yake, don nan ne mai gaskiya ke faɗawa tarko. Akwai wuraren da doka ta hana fakin ko da babu fenti ko allo, kuma "ban ga alama ba" ba ta fid da kowa.

Mahaɗar tituna. Ƙa'idar hanya ta Birtaniya ta ce kada a yi fakin cikin mita 10 daga mahaɗa. A Jamus yawanci mita 5 ne. Dalilin ɗaya ne: motar da ke bakin kwana tana rufe wa mai fitowa ido, tana kuma ɓoye yaro mai tsallakawa. Ni mita 10 nake bari ko'ina na je. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai a nan ido yana yaudara. Auna sau ɗaya da tef daga bakin kwanar, ka riƙe wata alama, turken lantarki ko ƙarshen katanga, ka san ba ka wuce ta.

Famfon kashe gobara. A birnin New York ƙafa 15 ake bari, wato kusan mita 4.5, ta kowane ɓangare. A wasu ƙasashe famfon yana ƙarƙashin murfin ƙarfe a ƙasa, don haka duba abin da tayarka ta hau.

Tashar bas, wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa, ƙofar makaranta, da inda aka kwantar da dakalin bakin titi domin keken guragu. A Jamus mita 15 ake bari gaba da bayan allon tashar bas. Ƙofar garejin wani kuwa ba ta buƙatar bayani, amma ka tuna da ƙofar da ke tsallaken titi: in layin siriri ne, motarka tana iya hana maƙwabcin da ke fuskantarka juyawa ya fita.

Tsawon lokaci. Wannan ne ke kama mutane a gefen gari. A birnin Toronto na Kanada, titin da ba allo sa'o'i 3 kawai aka yarda mota ta yi a kai. A birane da yawa na jihar Kalifoniya ta Amurka, motar da ta wuce sa'o'i 72 a wuri ɗaya ana iya janye ta. A Jamus tirelar da ba ta haɗe da mota ba ta wuce mako biyu a titin jama'a. Japan ta fi kowa nisa: a yawancin yankunanta ba za a yi maka rajistar mota ba sai ka nuna shaidar wurin ajiye ta, cikin kilomita 2 daga gidanka. Ba don ka haddace na kawo waɗannan ba. Na kawo su ne don ka ga cewa abin da ya halatta inda ka baro yana iya zama laifi inda ka sauka. Shiga shafin intanet na hukumar garinku, ko ka je ofishinsu da littafinka, ka yi tambayoyi huɗu: tazarar mahaɗa nawa ce, awa nawa mota ke iya yi a wuri ɗaya, an yarda da kwanan mota a titi, kuma an yarda a hau gefen masu tafiya a ƙasa.

5. Auna abin da ka bar wa wasu

Bayan ka ajiye motar, fita ka auna daga madubinka zuwa abin da ke ɗaya gefen, mota ce ko katanga. Motar 'yan kwana-kwana da motar shara faɗinsu ya kai mita 2.5. In abin da ya rage bai kai mita 3 ba, wurin bai yi ba, ko da ƙaramar mota tana wucewa. Ranar gobara ba a da lokacin neman mai mota.

Dabarar da mutane ke yi a siririn layi ita ce su ɗora taya biyu a kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Ban yarda da ita ba. A Landan an hana tun 1974, Sikotiland ma ta kafa dokar hanawa a 2019. Ko inda ba a hana ba, ka tsaya ka kalli abin da ke faruwa: mai jego da keken jariri, ko makaho da sandarsa, dole su sauka kan kwalta su zagaye motarka, su haɗu da motocin da ke gudu. Ka tsare madubinka, ka tura mutum cikin haɗari. In layin ba zai ɗauki motarka ba sai da haka, nemi wani layin ka taka da ƙafa minti uku.

6. Nemi takardar izini idan unguwar na da tsarinta

Unguwannin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, asibiti ko babbar makaranta sukan keɓe layuka ga mazauna, saboda masu zuwa daga nesa suna barin motoci tun safe har dare. Kai takardun da ka tanada, a ba ka sitika ko a shigar da lambar motarka a kwamfuta. Abubuwa uku ka kiyaye. Izinin na lambar mota ne, in ka sauya mota sai ka sabunta. Yana da ranar ƙarewa, ka sa ta a wayarka. Kuma izini ne na neman wuri, ba alkawarin samun wuri ba. Tambayi yadda ake yi da baƙi tun kafin baƙon ya zo. Akan ba da katin yini. Idan takardunka ba su kammala ba tukuna, nemi izinin wucin gadi, ko ka ajiye a wajen yankin har ya fito.

7. Saka motar yadda ya kamata

Nemi gurbin da ya fi motarka da aƙalla mita ɗaya da rabi. Kunna sigina, jera da motar da ke gaban gurbin, tsakaninku kamar tsawon hannu. Sa ribas a hankali. Da zarar tayarka ta baya ta yi daidai da ƙarshen waccan motar, karya sitiyari gaba ɗaya zuwa bakin titi. In motar ta karkace rabi, miƙe sitiyari ka ci gaba da baya har goshinka ya wuce bayan waccan, sannan ka karya zuwa ɗaya ɓangaren. Tsakanin taya da dakali kada ya wuce taƙi ɗaya da rabi. Fuskar motar ta bi yadda motoci ke tafiya a wannan hannun. A Birtaniya laifi ne a kwana da mota tana fuskantar masu zuwa, in ba a keɓaɓɓen wurin fakin ba, domin jajayen ƙyallin baya ne ke nuna ta da dare.

A gangare, ja birkin hannu sosai. In goshin motar na kallon ƙasa, karya tayoyi zuwa dakali ka bar ta a ribas. In yana kallon sama, karya su zuwa titi yadda bayan tayar zai jingina da dakali, ka bar ta a giya ɗaya. In babu dakali, tayoyi su kalli gefen hanya ko ta ina ka fuskanta, ka kuma sa katakonka. Mai otomatik ya ja birkin hannu tukuna sannan ya sa P.

Harabar gida kuwa, shiga da baya ka fita da gaba. Da yamma kana ganin abin da ke ƙofar kafin ka shiga. Da safe kana sauri, yara suna wucewa, kuma ƙaramin yaro ba ya fitowa a madubi. Kada ka bar inji yana aiki a rufaffen gareji, hayaƙin yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Kada kuma ka bar yaro a mota "minti biyu kawai": cikin minti 10 zafin cikinta yana ƙaruwa da kusan digiri 10 a ma'aunin Celsius.

8. Je ka gaida maƙwabta kafin motarka ta gaishe su

A gida na uku da na zauna, na dawo da tsakar dare na ga gurbi daf da wata tsohuwar ƙofar ƙarfe mai tsatsa, ciyawa ta fito a gindinta. Na ce wannan ba a buɗe ta. Da asuba aka ƙwanƙwasa mini. Wani dattijo ne, da makullin mota a hannu, bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, motar nan taka ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Uwar gidana zan kai asibiti. Na bi gida huɗu kafin na same ka."

Na fito ba takalmi na janye ta. Matar tana zaune a kujerar baya, an lulluɓe ta da bargo, ta jingina kanta da gilashi. Minti ashirin suka ɓata saboda ni. Babu wanda ya rubuta mini tara ranar, amma ban taɓa biyan tarar da ta dame ni kamar wannan ba. Tun daga lokacin, duk ƙofar da mota za ta iya shiga, ina ɗaukarta a matsayin wadda za a buɗe cikin daren nan.

Don haka a makon farko ka ƙwanƙwasa gidan dama da na hagu da na tsallake. Faɗi sunanka, nuna motarka, ba da lambar wayarka, ka tambaya: "Akwai inda kuka saba ajiyewa, kada in tare muku?" Doka ba ta ba kowa gurbin ƙofar gidansa a titin jama'a ba, amma tsohuwar da ke tafiya da sanda, ko mai ɗauko marar lafiya, ka bar musu ko da kana da iko. Kai ma kada ka jera duwatsu ko bokitai don kama wuri. A wurare da yawa laifi ne, kuma ko'ina yana jawo gaba.

In wani ya tare ka, fara da zaton bai sani ba. Kira shi, ko ka bar gajeriyar takarda mai ladabi a gilashinsa. In ya maimaita, yi masa magana ido da ido, ku biyu, ba a zauren WhatsApp na unguwa ba, inda kunya ke sa mutum ya kafe. Sai an kai na uku za ka ɗauki hoto ka kai wa hukuma ko masu kula da rukunin. Kada ka sace masa iskar taya, kada ka tare shi don ramuwa. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma gobe shi ne zai ga wanda ke leƙen motarka.

In za ka yi taro, sanar da layin kwana biyu kafin ranar, ka sa wani yaro babba ya tsaya yana nuna wa baƙi inda za su ajiye.

9. Rubuta ranakun unguwa

Ranar kwasar shara, ranar sharar titi, lokacin tashin makaranta. A New York ana sauya hannun da ake fakin saboda motar sharar titi ta samu hanya, kuma garuruwa masu dusar ƙanƙara sukan hana kwanan mota a titi lokacin hunturu. Inda ake ruwa mai ƙarfi, guji kwari da bakin magudana. In za ka yi tafiya ta fi kwana uku, shigar da motar harabar gida, ko ka bar makulli wurin wanda ka amince da shi, domin allon wucin gadi na gyaran titi yana iya bayyana bayan ka tafi.

10. In an rubuta maka tara ko an janye motar

Kada ka motsa motar sai ka ɗauki hoto: inda take, allon da ke kusa, fentin ƙasa, da takardar kanta. Duba lambar mota, rana, lokaci da sunan titi. Kuskure a ɗayansu hujja ce. Kada ka yi gardama da ma'aikacin, kada kuma ka miƙa masa kuɗi a hannu. Biya ta hanyar da takardar ta nuna ka karɓi rasit. Duba wa'adi: a Ingila akan rage rabi ga wanda ya biya cikin kwana 14, kuma a yawancin wurare biya yana rufe ƙofar ƙorafi, don haka ka zaɓi ɗaya tun da wuri. In za ka yi ƙorafi, rubuta shi gajere, abin da ya faru da hotunan da ke nuna shi, ba labarin yadda ranka ya ɓaci ba.

In ka fito ba ka ga motar ba, kira hukumar da ke kula da titin kafin ka ce sata ce. In motar janwe ce ta ɗauke ta, je a ranar, domin kuɗin ajiya kullum ƙaruwa yake. Tafi da katin shaida, lasin tuƙi da takardun mota, ka zagaya motar kana ɗaukar hoto, musamman bamba da ƙasan goshi inda ake ɗaura sarƙa, kafin ka sa hannu a takardar karɓa.